Haƙorin da Kaka Ya Tafi da Shi

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, gidanmu na unguwar Al-Oud a Riyad bai ɗauki mutane ba. Maza suka cika falon ƙasa har bakin titi, direbobi da 'yan sito daga Al-Sulay, wasu da kayan aiki a jikinsu don daga wurin aikin suka zarto. Mu mata muna sama, an jingine kujeru an shimfiɗa darduma. Duk wadda ta shigo sai ta ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta, mu ce amin, sannan ta kawo nata labarin. Wata ta ce shi ya tarbi mijinta a unguwar Batha ranar da ya sauka garin nan bai san gabas ba. Wata ta ce ita dariyarsa ce ba za ta manta ba, yadda haƙorin nan yake walƙiya tun kafin a ji sautin. Umma tana ta zuba gahawa a 'yan kofuna. Daga ƙasa kuwa muna jiyo kukan namiji, ba ɓoyo ba kunya. Kawuna ne, ƙanen Umma, wanda ya yi wata guda ba ya gaida Kaka da sakin fuska.

Can wata dattijuwa, maƙwabciyarmu tun ina goye, ta gyara zama ta ce, "Ni kam, an cire masa haƙorin Makkan kafin a rufe shi? Ai zinare ne. Na ji ana cewa ba a binne mutum da dukiya."

Umma ta ajiye butar gahawa ta dube ni, sauran matan ma duk suka juyo. Maimakon in ba ta amsa, sai na tashi na shige kicin. Amsar ce nake rubutawa yanzu, bayan wata biyar, don tana da tsawo, kuma ba na so a manta da mutumin da ke da haƙorin.

Ba Kaka ne ya haifi Babana ba. Baffansa ne, ƙanen mahaifinsa, kuma shi ya riga kowa a danginmu zuwa Riyad, shi ya nemo wa Baba aikin tuƙi. Allah bai ba shi haihuwa ba, mu ne 'ya'yansa mu ne jikokinsa. Gadi yake yi a wani sito a Al-Sulay, da ɗan ɗakinsa a gefen ƙofa da kujerar roba wadda ƙafarta ɗaya ke ɗaure da waya. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aikin, ya rasu tuntuni, 'ya'yan suka ci gaba da sabunta masa iƙama, katin izinin zama a ƙasar, wai ba su san yadda siton zai kasance ba in ba shi a ƙofa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zo gidanmu, ya tsaya a ƙasan bene ya ɗaga murya yadda duk ginin zai ji.

"Ina amaryar tawa? An yi mini girki, ko yau ma da yunwa za a bar ango?"

Ni kuma in leƙo in ce, "Wane ango? Tsohon da sai an daka masa nama a turmi?"

Sai ya yi dariyar nan, haƙorin ya haska, ya hau benen yana nishi yana cewa zai kai ƙarata wurin Babana.

A Riyad aka haife ni, kuma Larabci ya riga Hausa zama a bakina. Wannan Hausar da nake rubutu da ita, ta Kaka ce. In na yi masa Larabci sai ya kama kunne ya ce, "Me kika ce? Na hagun nan ba ya jin Larabci, na daman kuma ya tafi hutu." Haka zan tsaya ina ƙunƙuni ina haɗa kalmomi har sai na faɗa daidai. In na yi kuskure ya maimaita shi a gaban baƙi, ya yi ta yi har in yi kuka. Wallahi akwai lokacin da na tsani Juma'a saboda shi. Yanzu da za a dawo mini da guda ɗaya, ya kwaikwaye ni a gaban duk mutanen Batha ma na yarda.

Haƙorin yana sama, gefen dama, na uku daga tsakiya. Ina ƙarama na ɗauka haka aka haife shi. Sai da na girma ya ba ni labarin. Shekarar da ya samu hali ya aika aka kawo matarsa, Hajiyarsa, daga gida suka sauke farali tare. Da suka gama, suka shiga wani ɗan shago kamar yadda alhazanmu ke yi, suka zauna kujera biyu kusa da juna, aka sa wa kowa nasa haƙorin zinaren. Ya ce ita ta fi shi jarumta, shi har da rintse ido. Ta koma gida da niyyar zai biyo ta hutu bayan damina. Kafin hutun ya zo zazzaɓi ya ɗauke ta, labarin ma sai bayan an yi bakwai ya same shi. Bai sake aure ba. Yakan ƙwanƙwasa haƙorin da farce ya ce, "Nata yana can, nawa yana nan. Ta bar ni da baƙin gemu, yanzu dube ni. In mun haɗu, da wannan za ta gane ni." Yana faɗa yana murmushi, amma ba wasa yake yi ba.

Shekara biyu da suka wuce, wata Juma'a, na lura Kaka yana tauna da gefe ɗaya. Da ya wanke baki na ga jini a wurin wanke hannu. Na tsare shi, ya yi ta kame-kame, daga baya ya buɗe. Innalillahi! Dasashin ya kumbura ya yi jajir, datti ya daskare a gindin haƙoran, ga jan goro na shekara da shekaru, haƙorin Makkan kuwa yana motsi in ya tura shi da harshe. Ga ciwon suga a jikinsa. Baba yana aiki, Larabcin Kaka kuma na bakin sito ne, na "shiga, fita, sauke nan", don haka ni aka ce in raka shi asibitin haƙori in yi tafinta. Lokacin ina zaune a gida, na gama sakandare da daɗewa, na nemi karatu sau biyu ban samu ba, na fara sabawa da zaman.

Likitan ya duba bai fi minti biyu ba, ya ce a cire. Na fassara. Kaka ya tashi zaune da ƙyallen nan a wuyansa ya ce, "Gaya masa ya cire sauran duka, ya bar wannan." Likita ya ɗaga kafaɗa, ya ce to mu je ɗakin da ke kallon nasa a fara wanke bakin tukuna, in ya so a gani.

A ɗakin nan na haɗu da matar da ta juya mini rayuwa ba tare da ta sani ba. Basudaniya ce, babba, marar hayaniya. Ba likita ba ce. Ta ce mini, "Ni ba na cirewa, ba na cikewa. Aikina in hana a kai ga cirewa." Ta sa na tambayi Kaka dalilin da ya sa yake son haƙorin. Da na fassara mata labarin Hajiyarsa sai ta ce ba ta yi alkawari ba, amma a ba ta wata uku. Ta kunna fitila, ta ɗauki ɗan ƙarfenta ta shiga kankare dattin nan a hankali, haƙori ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana yi masa magana kamar yana jin ta. Da ta ga na miƙo wuya ina leƙe, ta ce in matso, ta nuna mini a ɗan madubi inda ciwon yake ɓuya a ƙarƙashin dasashi. Ban ji ƙyama ba ko kaɗan. Abin da na ji shi ne hannuna yana ƙaiƙayi.

Ta ce rabin aikin nata ne, rabi na gida. Ta koya mini yadda ake riƙe buroshi a karkace, da yadda ake zura zaren sakace, da wani ɗan mitsitsin buroshi da ke shiga tsakanin haƙora. Sannan ta ce a bar goro.

Tabɗi! Nan aka yi yaƙi. Kaka ya ce shi da goro tun kafin a haifi ubana. Ya ce asuwaki ya ishe shi, sunna ce. Na ce ba wanda ya hana shi asuwaki, a haɗa biyun. Na riƙa caje masa aljihu duk Juma'a a bakin ƙofa, shi kuma ya koma ɓoyewa a cikin hula. Ranar da na ɗaga hular ɓarin goro ya faɗo a gaban Umma, ya ce, "Wannan amarya ko 'yar sanda?" Sauran kwanakin mako kuwa, bayan la'asar nakan kira shi a waya ta hoto in ce, "Ango, buɗe baki." Ya kafa wayar a gaban bakinsa yana zaune a kujerar robar, direbobin manyan motoci na wucewa suna sheƙa masa dariya, yana korarsu da hannu. Wani lokaci hancinsa kawai nake gani, in yi ta faɗa, shi kuma ya ce wayar ce ba ta da tarbiyya.

Wata uku suka zama biyar. Jinin ya tsaya, kumburin ya saɓe, dasashin ya koma ya kama. Ranar da Basudaniyar ta taɓa haƙorin da ƙarfenta ta ce motsin ya ragu sosai, ba sai an cire ba, Kaka bai jira fassara ba. Ya ɗaga hannu yana hamdala, ni kuma na juya ina goge ido da gefen mayafi. A hanyar gida na ce masa aikin matar nan nake so in koya.

Mutane da suka ji sai suka riƙa cewa, "Likitar haƙori? Masha Allah!" In na ce a'a, masu kula da tsabtar baki ne, sai fuska ta canja. Wata ƙawar Umma har cewa ta yi, "Wankin baki kuma sai an je makaranta?" Kaka ne ya ba ta amsa. Ya wangale baki a gabanta ya ce, "Duba nan, Hajiya. Sai an je."

Na samu wata kwaleji da ke koyar da fannin. Guraben da ake ba waɗanda ba 'yan ƙasa ba kaɗan ne, takardar sakandarena kuma ta tsufa, wannan shekarar ce ta ƙarshe da za su karɓe ta. In na rasa, shi ke nan, ƙofar ta rufe. Na cike fom tsaf har na iso wani gurbi da aka rubuta "khibra", wato ƙwarewa: a faɗi asibitin da aka taɓa aiki ko aka zauna ana koyo, a haɗo da takardar shaida. Ban da komai. Rakiyar tsoho ba aiki ba ce, ba wanda zai buga mata hatimi. A zauren hira na masu nema da muke da shi a waya, kowa sai faɗi take, wannan ta yi wata uku a asibitin yayanta, waccan ta yi shida. Na kwana biyu abinci ba ya shiga.

Kawu ne ya ga halin da nake ciki. Shi yake tuƙa motar ma'aikatan wani asibitin haƙori, yana da mutunci da mai kula da ofishinsu. Bayan kwana uku ya shigo da ambulan. Takarda ce fes, da hatimi da sa hannu, tana cewa na yi wata shida a wurinsu ina taimakawa, kuma an yaba da hannuna. Na rungume Kawu ina tsalle. Don ƙauna ya yi, har gobe ba na ganin laifin zuciyarsa.

Wautata ita ce na kawo takardar wurin cin abincin Juma'a don in burge Kaka. Ya ce in karanta masa da Hausa. Na karanta ina jin daɗin kaina. Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Wata shida. Yaushe? Ina ina aka yi?"

"Haba Kaka, takarda ce kawai. In na shiga ai zan koya."

Kawu ya ce, "Alhaji, kowa haka yake yi a garin nan."

"Na sani," in ji Kaka. "Na riga ku yi."

Ya wanke hannu, ya zaro iƙamarsa daga aljihun gaba ya miƙo mini, ya sa yatsa a wurin da ake rubuta sana'a, ya ce in karanta. An rubuta mai gyaran lantarki. Na sha ganin katin, ban taɓa kula ba. Na ce, "Kai da ko ƙwan fitila sai an canja maka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce wanda ya samo masa biza tun a gida ya ce masa da wannan sana'ar kaɗai ake bayarwa, in an tambaye shi ya ce ya iya, in ya je zai koya. Shi kuwa manomi ne, garinsu ma babu wuta lokacin. Aka kai shi wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu, aka haɗa shi da wani mutumin Bangaladash, gwani, mai haƙuri. Ya yi kwana tara yana riƙe tsani yana miƙa kaya, asirinsa a rufe. Ran na goma mutumin yana sama, ya ce masa ya je ya kashe layin da za su taɓa. Ya je ya tarar da makunnai jere, ya rasa wanne. Kunya ta hana shi komawa ya ce bai sani ba, tunda takarda ta ce ya sani. Ya ja guda ɗaya, ya dawo ya ce an kashe.

"Bai mutu ba," in ji Kaka. "Amma hannun daman ya tafi. Da shi yake ci da 'ya'ya biyar. Ranar da za a mai da shi ƙasarsu na je, ya dube ni ya ce, da ka ce mini ba ka sani ba, da na sauko na nuna maka."

Ko Baba bai taɓa jin labarin nan ba. Daga nan ne aka mai da shi gadi, katin kuwa aka bar shi yadda yake. Ya ce babu sallar da yake yi bai ambaci mutumin ba.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma ni idona ya rufe, gurbin nan kawai nake gani. Na ce, "Wannan wutar lantarki ce, Kaka. Ni baki zan wanke."

"Bakin mutum. Ran da aka miƙo miki ƙarfen nan mai tsini aka ce ai ke kin saba, ga tsoho mai suga a kwance, me za ki ce? Amarya, a rubuta abin da ke akwai."

Kawu ya tashi ya ɗauki makullinsa da takardar, ya ce shi aka mayar maƙaryaci don ya taimaki 'yar yayarsa, ya fita bai gama cin abinci ba. Baba ya ce maganar Baffa ita ce magana. A gabansu na buɗe kwamfuta, na rubuta "babu" a gurbin, na tura cikin haushi. Sannan na juya na faɗi abin da har yau yake ci na. Na ce, "In ba a ɗauke ni ba, alhakina yana wuyanka." Umma ta daka mini tsawa. Kaka ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ƙyale ta. Na ɗauka."

Mako uku ban kira shi bayan la'asar ba. In ya zo Juma'a ya yi kiran amarya daga ƙasan bene, sai in yi kamar ban ji ba, in gaishe shi a tsaye in wuce. Ina jin sa yana hira da Baba, dariyar ba ta kai yadda ta saba ba. A Juma'a ta huɗu ya biyo ni har ƙofar kicin, da ɗan buroshinsa a hannu.

"Da ni kike fushi. Haƙorin me ya yi miki?"

Na so in daure, dariya ta ƙwace. Na zaunar da shi a kujera kusa da taga, na wanke hannu, na ce ya buɗe. Tas! Ba jini, ba ɗigon goro. Duk makonnin nan da ba mai sa masa ido, bai fasa ko sau ɗaya ba. Na tura haƙorin da yatsa, yana nan daram. Na ce, "Ba laifi, ango ya yi ƙoƙari." Ya ce, "Shi ke nan ladan?" Na ce sauran sai sakamako ya fito. A raina na ƙudura cewa ranar zan durƙusa in ba shi haƙuri yadda ya kamata, in janye maganar alhakin nan. Na ɗauka akwai lokaci.

Ranar Talata da hantsi wani direba ya yi ta danna masa hon ya buɗe ƙofa, bai tashi ba. Yana zaune a kujerar robar, carbi a hannu, rai ya yi halinsa.

Mutuwar baƙo a ƙasar nan sai da takardu. Baba ya kwana biyu yana zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshi kafin a ba da gawar. Na ga takardun a kan tebur, da kwafin iƙamarsa a manne a sama. Mai gyaran lantarki. Har ƙofar kabari ta raka shi. Nan na fahimci nauyin da ya ƙi a ɗora mini, na kifa kai a kan takardun na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talatar.

Ranar jana'iza, wajen azahar, wayata ta yi ƙara. Baba ne, daga wurin wankan gawa. Muryarsa a dushe ya ce, "Masu wanka suna tambaya a kan haƙorin. Sun ce in yana motsi, zai fita ba tare da an wahalar da shi ba, sai a cire a ba magada. In kuma ya kafu, ba za su taɓa shi ba. Na ce musu ke kika san bakinsa."

Na ce, "Baba, ba ya motsi. Su taɓa su ji."

Na riƙe wayar ina jin ƙarar ruwa da maganganu ƙasa-ƙasa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai Baba ya dawo ya ce, "Ya kafu. Sun ce a bar masa abinsa."

To, Hajiya maƙwabciya, ga amsarki. Ba a cire ba, da shi ya tafi.

Kwana tara bayan haka aka kira ni ganawa a kwalejin. Kawu ne ya kai ni, ba wanda ya roƙe shi. Muna hanya ya buɗe aljihun mota ya ciro takardar asibitin nan, ya ce tun ranar yake yawo da ita ya rasa yadda zai yi. Ya yayyaga ta a wurin jan fitila, ya ce, "Ki je ki faɗa musu yadda Alhaji ya ce."

Malamai uku ne a bayan tebur. Ta tsakiyar ta duba fom ɗina ta ce, "Kin rubuta babu. Ko kwana ɗaya ba ki taɓa yi a asibiti ba?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce waɗanda suka shigo kafin ni duk da takardunsu, me zai sa a ɗauke ni a bar su? Na ce ban san sunayen kayan aikin ba, ban taɓa riƙe ƙarfen ba, in suka ɗauke ni daga farko za su fara da ni. Na ce abin da na sani baki ɗaya ne tak, na tsoho mai suga mai taurin kai, kuma na san yadda ake sa mutumin da ya shekara hamsin yana cin goro ya bari. Ɗayan malamin ya yi murmushi ya ce yaya aka yi. Sai na ba su labarin tun daga jinin da na gani har wayar Baba. Ban yi niyyar kuka ba, amma na yi. Ta tsakiyar ta turo mini takardar goge hanci, ta tambaye ni sau nawa a rana yake zura zaren, da wane gefe muke farawa. Na faɗa mata. Ta rubuta wani abu, ta ce za a neme ni.

Na fito na tabbata na rasa. Abin mamaki, ban ji haushin Kaka ba ko ɗis. So nake kawai in kira shi in ce na janye.

Bayan mako shida saƙo ya shigo. An ɗauke ni. Gidanmu ya kaure da guɗa, Kawu ya zo da lemo kwali guda, Umma tana dariya tana hawaye. Ni kuwa la'asar na yi sai na ga wayar a hannuna, na buɗe lambarsa, na tsaya ina kallon ta.

Yanzu na yi wata biyu ina zuwa aji. Ni ce mai yawan tambaya, har an san ni. In malama ta ce wa bai gane ba, hannuna ne farko, ba na jin kunyar cewa ban sani ba. Muna koyo a kan kawunan roba masu fararen haƙora jere reras. Suna buɗe baki ba gardama, ba sa ɓoye goro a hula, ba sa ce mini 'yar sanda. Wani lokaci ina cikin kankarewa sai kewa ta taso mini, sai in ajiye ƙarfen in fita in sha ruwa.

Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya yafe maka makunnin da ka ja, ya saka wa mai hannun da alheri a inda yake, ya haɗa ka da Hajiyarka ta gane ka tun daga nesa.

Ranar da aka ba mu katin makaranta Juma'a ta kusa, sai na jira. Bayan an sauko daga masallaci na ce Baba ya kai ni maƙabartar Al-Oud. Mata ba sa shiga, kaburburan kuma ba suna, ko Baba sai ya ƙirga layi yake gane wurin. Na tsaya a bakin katanga daga waje, ya nuna mini saitin da hannu. Na yi sallama, na ciro katin na ɗaga shi sama da kaina. Hotona ne, da sunana, a ƙasa an rubuta ɗaliba.

Da Hausa na yi maganar, don kunnen nan na hagu ba ya jin Larabci. Na ce, "Ango, ga shi. An rubuta abin da ke akwai. Maganar alhakin nan kuma na janye, sauke shi daga wuyanka."

Na tsaya ina jiran ya ce shi ke nan ladan. Motoci suna ta wucewa a bayana. Baba ya bar ni na daɗe, sannan ya taɓa kafaɗata ya ce mu tafi, abinci zai huce.